Gida ɗaya har tsufa, ko a fara da ƙarami a riƙa canzawa?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gidaje, don ni da uwargida mun kasa tsayar da magana ɗaya. Allah Ya hore mana abin da za mu mallaki gida, wani ɓangare a hannu, sauran kuma sai mun ci bashi na dogon zango. Ita ra'ayinta mu daure mu nemi babba wanda za mu zauna a ciki har ƙarshen rayuwa, a sha wahalar sau ɗaya a huta. Ni kuwa ina ganin mu fara da ƙarami daidai ƙarfinmu, bayan shekara huɗu ko biyar mu sayar mu ƙara gaba. Mun kusa shekara 40, yara uku, babbar tana da shekara 11.

Abin da nake son sani shi ne, sauya gida nawa yake cinyewa a zahiri? In kuma gidan tsufa za a nema, me ake dubawa tun yanzu? Wanda take so ɗin bene ne, duk ɗakunan kwana suna sama. Na gode.

Hajiya Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Bari in ɗauki ɓangaren kuɗi, tunda nan ne dabararka ta shekara biyar take da rauni.

Duk sayen gida da sayar da shi akwai kuɗin da ke fita ba ya dawowa: la'adar dillali, kuɗin lauya, harajin canjin mallaka, rajista, safiyo, kwashe kaya, da fenti da ƙananan gyare-gyaren da sabon gida ba ya rasawa. Yawansu ya danganta da ƙasa. A Jamus harajin canjin mallaka kaɗai yana kamawa daga kashi 3.5 zuwa 6.5 cikin 100, gwargwadon jiha. A Faransa mai sayen tsohon gida yakan biya kusan kashi 7 zuwa 8 a kan farashin. A Amurka la'adar dillalai ta daɗe tana kai wa kashi 5 zuwa 6. Ka tambayi na inda kake ka rubuta, amma don lissafi mu ce kashi 5 wajen shiga, kashi 5 wajen fita. In farashin gidan yana tashi da kashi 3 a shekara, sai ka yi kusan shekara uku da rabi kafin ka mayar da waɗannan kuɗaɗen kawai. Riba ba ta ma fara ba. Kuma kada ka manta, gidan da kake hari na gaba shi ma yana tashi a daidai lokacin, kuma tunda ya fi naka tsada, tazarar da ke tsakaninsu ƙaruwa take yi.

Sai bashin kansa. A ce ka ci miliyan 1, a kowace irin kuɗi, na shekara 30, da ruwan kashi 6 a shekara. Biyan wata zai kama kusan 5,996. A watan farko 5,000 daga ciki ruwa ne, 996 kacal ke rage uwar kuɗi. Bayan shekara biyar ka biya kusan 360,000, amma abin da ya ragu daga bashin bai kai 70,000 ba, wato kashi 7. Bayan shekara goma kashi 16. Sai cikin shekara ta 19 ne abin da ke shiga uwar kuɗi yake fara fin ruwa yawa. Wanda ya sayar a shekara ta biyar ya sake cin sabon bashi na shekara 30, ya koma farkon layi ke nan, inda kusan duk biyansa ruwa ne. Wanda ya yi haka sau uku a rayuwarsa zai iya kai wa ritaya da bashi a wuya.

In kana gudun ruwa, ka bi ta tsarin bankin Musulunci, lissafin bai canza sosai ba. A musharaka mai raguwa, inda kai da banki kuke tarayya a mallakar gidan, kana biyan hayar kason banki kana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan, don haka a shekarun farko, lokacin da kason banki ya fi yawa, haya ce ke cinye mafi yawan biyanka. A murabaha kuwa, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da riba, an riga an tsayar da farashi gaba ɗaya, to ka tambaya a rubuce ko za a yi maka rangwame in ka biya kafin wa'adi. A Malesiya babban bankin ƙasar ya wajabta wannan rangwamen, amma ba ko'ina haka yake ba. Bashin ruwa ma wasu bankunan suna cin tarar mai biya da wuri. Wannan sharaɗin shi ne na farko da mai niyyar sayarwa zai nema a takardar yarjejeniya.

Saboda haka in ka san ba za ka kai shekara bakwai a gidan ba, gwada shi da haya tukuna. Raba farashin gidan da hayar shekara ta irinsa a unguwar. In amsar ta gaza 15, saye ya fi. In ta haura 20, haya ta fi araha ga mai ɗan gajeren zama. Mutane suna cewa kuɗin haya zubarwa ne, suna mantawa mai gida ma yana zubar da nasa: ruwan bashi, haraji, inshora, gyara, da ribar da kuɗin da ya bayar na kafin alƙalami za su kawo da a wani wuri ya sa su.

Ba wai na goyi bayan uwargida ɗari bisa ɗari ba ne. Babban gidan da biyansa zai haura kashi 30 zuwa 35 na abin da ke shigo muku a wata, tarko ne ko da har abada za a zauna, musamman ga mai yara uku da makarantarsu ke gaba. Amma tsakanin ƙarami na shekara biyar da matsakaici na shekara ashirin, lissafi yana tare da na biyun. In kuma hali ya samu daga baya, a misalin da na bayar, ƙara 1,000 a kan biyan kowane wata yana sauko da wa'adin daga shekara 30 zuwa kusan 21.

Injiniya Ɗanlami:

Hajiya ta gama da aljihu. Ni zan yi maganar ginin, da kuma jikin waɗanda za su zauna a ciki, don dukansu biyun tsufa suke yi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko, wanda ya ce zai zauna shekara 40 a gida ɗaya ya sani cewa gangar ginin ce kawai za ta kai, sauran kusan komai sai ya canza shi, wani ma sau uku ko huɗu. Hitar ruwa takan yi shekara 8 zuwa 12. Na'urar sanyaya ɗaki 10 zuwa 15. Fentin waje 5 zuwa 10, gwargwadon rana da ruwan da yake sha. Shimfiɗar kwalta da ake yi wa rufin kankare don hana yoyo, 10 zuwa 20. Bututun ƙarfe na ruwa yana tsatsa ne daga ciki, za ka ga ƙarfin ruwa yana raguwa, launinsa yana ja da safe, tun kafin ya fashe. Wayarin a sa masani ya gwada shi duk shekara goma, a kuma tabbatar akwai makashin da ke yanke wuta da kansa in ta zurare, mai ƙarfin miliyamfiya 30, musamman a layin banɗaki da kicin. Abin da aka saba ba da shawara shi ne a ware kashi 1 zuwa 2 na kuɗin gina gidan duk shekara don gyara. Shekaru biyar na farko ba za ka taɓa kuɗin ba, sai ka ɗauka ɓata su kake yi. A shekara ta goma sha biyu rufi da hita da fenti za su taso maka tare.

Babban abokin gabar gini ruwa ne. Ƙasar da ke kewaye da gidan ta gangara waje, aƙalla santimita 15 a mita uku na farko. Indararo ya zubar nesa da gindin bango. Shimfiɗar hana danshi da ke cikin bango ta kasance santimita 15 sama da ƙasa, kuma abin da ke faruwa a tsofaffin gidaje shi ne, ana ta cike tsakar gida ana ɗora daɓe kan daɓe har ƙasa ta haura ta, sai ka ga fenti yana kumbura, farin gishiri yana fitowa a ƙasan bango. Sake fenti ba ya maganinsa. Danshin nan kuma shi ke kiran gara zuwa katakon rufi da na ƙofofi.

A gidan bene ka ɗaga kai ka dubi ƙasan dakin, wato kankaren da ya raba ƙasa da bene, da ƙasan baranda. In ka ga jan layin tsatsa ko kankare yana ɓantarewa rodi ya bayyana, to kaurin kankaren da ya rufe rodin bai isa ba. Ana son milimita 25 zuwa 40. In ya gaza, iska da danshi suna isa ga rodi, tsatsa kuma tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, sai ta tsaga kankaren daga ciki. Tsagar bango da ba ta kai milimita 2 ba galibi ta filasta ce. Wadda ta wuce milimita 5, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ko ƙofofi suka fara cijewa a kusa da ita, wannan harsashi ne ke motsi, a kira injiniya kafin a biya ko sisi. Yana yawan faruwa a ƙasa mai laka, wadda ke kumbura in ta sha ruwa ta tsuke in ta bushe, balle in akwai babbar bishiya kusa da bango.

Yanzu jikin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 28 zuwa 35 na waɗanda suka kai shekara 65 suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma faɗuwa ita ce ta biyu wajen kashe mutane ta hanyar haɗari a duniya, bayan haɗarin hanya. A gida, matakala da banɗaki su ne wuraren. Abin da ke fitar da tsoho daga gidansa sau da yawa ba talauci ba ne, tudun santimita goma ne a bakin banɗaki da ƙofar da keken guragu ba ya shiga.

Keken guragu faɗinsa santimita 60 zuwa 70 ne, ga hannayen mai turawa. Ana son sararin ƙofa, bayan an buɗe ƙyaure, kada ya gaza santimita 80, don haka ka sa ƙyaure mai 90. Magina sun saba matse ƙofar banɗaki zuwa 70 ko ƙasa, alhali ita ce ta fi buƙatar faɗi. Ta kuma buɗe waje, domin in mutum ya faɗi a ciki jikinsa ke tokare ƙofar da ke buɗewa ciki. Keke yana buƙatar fili mai faɗin santimita 150 kafin ya juya. Wurin wanka ya zama daidai da daɓen banɗaki, babu tudu babu kwami, a ba shi gangara ta kashi 1 zuwa 2 wajen magudana, tayil ɗin kuma mai kaushi, kuma ka jiƙa shi ka taka kafin ka saya, don busasshen tayil duk ɗaya suke. Tsayin mazaunin masai 43 zuwa 48. Ƙarfen kamawa a tsayin 84 zuwa 91 daga ƙasa, a kafa shi yadda zai ɗauki kilo 110 ko fiye. A bulo mai rami sai an cika ramin da kankare a wurin, in ba haka ba ranar da aka dogara da shi ranar zai tumɓuke. Kada kowa ya ɗauki ƙarfen rataye tawul a matsayinsa.

Gangarar shiga gida ita ce mutane suka fi raina wa fili. Ƙa'idar ita ce kowane santimita ɗaya na tudu yana son santimita 12 na tsawo. Gidan da ya ɗaga santimita 45, wato taki uku, gangararsa mita 5.4 ce, ban da shimfiɗaɗɗen wuri na mita ɗaya da rabi a sama da ƙasa. Ba sai ka gina ta yau ba. Ka dai tabbata akwai inda za ta zauna, kada a kafa tankin ruwa ko ramin masai a wurin.

Makunnin fitila a tsayin 90 zuwa 120, soket kuma 45 daga ƙasa don a rage sunkuyo. Mariƙin ƙofa mai dannawa ya fi mai murɗawa ga hannun da ke ciwon gaɓoɓi. Idon ɗan shekara 60 yana buƙatar haske kusan ninki uku na ɗan shekara 20, shi ya sa fitila ɗaya a tsakiyar silin ba ta isar matakala. Duk waɗannan a lokacin gini kusan kyauta ne. Bayan an gama kuwa, faɗaɗa ƙofa ɗaya yana nufin fasa bango, sabuwar linta, filasta, tayil da fenti.

Baban Ummi:

Allah Ya saka da alheri, Hajiya da Injiniya. Uwargida ta karanta, ta ce ai lissafi ya ba ta gaskiya. To Injiniya, benen fa? A haƙura da shi ke nan? A ƙasa akwai falo biyu, kicin, da ɗan ƙaramin banɗakin baƙi mai masai da wurin wanke hannu kawai.

Barista Hauwa:

Kafin Injiniya ya dawo, Malam, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya fi shafar uwargida. In an ce har ƙarshen rayuwa, rayuwar wa? Da wuya miji da mata su tafi rana ɗaya, wanda ya rage kuma takarda ce za ta zaunar da shi ko ta tashe shi.

In gidan da sunanka kaɗai yake, ranar da ka rasu ya zama gado. A shari'ar Musulunci matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, in kuma iyayenka suna raye kowannensu yana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida. Gida ɗaya ba ya yankuwa haka, sai a yi masa kuɗi, in wani magaji ya matsa a sayar. Wasiyya ba ta toshe wannan ƙofar, don ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Kyauta ma tana da sharaɗi: a mazhabar Malikiyya sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, kuma gidan da mai kyautar ya ci gaba da zama a ciki yana da nasa hukuncin, ka zauna da malamin da ya san fiƙihun gado kafin ka dogara da ita. Hanya mafi tsabta ita ce, in ta sa kuɗinta, a rubuta sunanta da yawan kasonta a takardar mallaka tun ranar saye. Wannan kason nata ne, ba ya shiga rabo. A Malikiyya kuma abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, shi ya fi cancantar sayen kason da wani abokin tarayya ya sayar.

Wasu dokokin sun bi ta wata hanya. A Ingila ma'aurata suna iya mallakar gida ta yadda in ɗaya ya rasu duka ya koma ga ɗayan kai tsaye. A Faransa, in duk 'ya'yan na su biyun ne, wanda ya rage yana zaɓar ko amfanin dukiyar gaba ɗaya har ya mutu, ko mallakar rubu'inta. Ka san wadda ke aiki a kanka.

Sai takardar filin. Ka duba ko mallaka ce ta dindindin ko ta wa'adi, irin ta shekara 99. In ta wa'adi ce, shekara nawa suka rage? Wadda ta rage shekara 60 yau, in kun zauna 35, magadanku za su riƙe mai 25, bankuna kuma ba sa son ba da bashi a kan irin wannan, sai farashin ya faɗi. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya je ofishin rajistar filaye ya bincika ko an jinginar da gidan ko akwai shari'a a kansa. Safiyo ya gwada iyakoki da taswira. A ga takardar izinin gini, a kuma gwada ta da abin da ke tsaye, don sau da yawa izinin na gidan ƙasa ne aka ɗora bene daga baya, wanda matsala ce ta doka kuma ta harsashi. A ƙarshe ka tambayi bankin me zai faru da ragowar bashin in ka rasu. In babu inshora ko takaful da zai biya, bashin ne zai fara cin gidan kafin magada.

Alhaji Tsohon Dillali:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ni ban yarda mutum ya yi wa gida alkawarin har abada ba. Ku yi haƙuri, Hajiya. Lissafinki ya ɗauka unguwa za ta tsaya yadda take, aikin Baban Ummi ma zai tsaya inda yake.

Gini kana iya gyara shi, unguwa ba ka iyawa. Birnin Detroit na Amurka yana da mutum kusan miliyan 1.8 a 1950, zuwa 2020 bai kai 650,000 ba, bayan masana'antun mota sun ja baya. Waɗanda suka sayi gidan har abada a can sun wayi gari babu mai saye. A Japan ƙidayar 2023 ta samu gidaje kusan miliyan 9 babu kowa a ciki, kuma a lissafin harajin ƙasar gidan katako shekara 22 ake ba shi darajarsa ta ƙare. A Amurka farashin gidaje ya faɗi da fiye da rubu'i tsakanin 2006 da 2012, miliyoyin mutane suka ga bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan, ba halin sayarwa ba halin tashi neman aiki wani gari. Masanin tattalin arziki Andrew Oswald na Jami'ar Warwick tun 1996 ya ja hankali cewa inda mallakar gida ta yi yawa rashin aiki ma yakan yi yawa, don mai gida ba ya saurin bin aiki inda ya koma. Ana jayayya a kan hujjar tasa, amma duk wanda ya taɓa ƙin ƙarin girma don ba ya iya barin gidansa ya san abin da ake nufi. A Jamus kuwa fiye da rabin gidaje 'yan haya ne ke ciki, kuma ba talauci ya sa ba.

Shawarata, ku saya kamar za ku daɗe, amma wanda zai sayu cikin wata uku in ta kama. Kada ku zama gida mafi tsada a layinku, don maƙwabta ne ke yanke wa gida farashi, kuɗin da ka zuba sama da nasu ba ya dawowa. Ku guji tsarin da ku kaɗai yake yi wa daɗi. Ku je unguwar sau uku: da safe lokacin fita aiki, da dare, da kuma ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ku dubi bangon maƙwabta ko akwai layin da ambaliya ta bari. Ku tambayi ofishin tsara gari abin da aka shirya yi da filayen da ke kusa. Ku auna nisan asibiti da kasuwa da ƙafa, ba da mota ba, don ranar da ido ya hana tuƙi, ƙafa ce ko taimakon wani.

Ku kuma ƙirga yaran. Babbar tana da 11. Nan da shekara goma sha biyar zuwa ashirin watakila duk sun tashi, ku biyu ku rage da ɗakuna biyar da za a share, a yi wa fenti, a biya wa haraji. Shekarun da gida ke cike ba su kai rabin shekarun da kuke shirin yi a ciki ba. Masu komawa ƙaramin gida da daɗin rai su ne waɗanda suka yi tun da sauran ƙarfi, wajen shekara 60 zuwa 65. Wanda ya bari sai ciwo ya tilasta masa, cikin gaggawa yake sayarwa, masu saye kuma suna jin ƙanshin gaggawa daga nesa.

Hajiya Mai Lissafi:

Alhaji, ai ba mu saɓa ba sosai. Canji ɗaya a shekara 60, bayan an gama biyan bashi, daban yake da canji duk shekara biyar da bashi a ka. Na farkon kashi 10 ne sau ɗaya, kuma rarar da ta fito daga babban gidan tana ƙara wa fansho. Abin da nake hana Baban Ummi shi ne na biyun.

Akwai ma wani abu da ke hana dabararsa ta fara da ƙarami aiki, wanda ba a hannunsa yake ba. A Amurka waɗanda suka ci bashi a 2020 da 2021 sun samu ruwan kusan kashi 3, zuwa 2023 ya haura 7. A bashin miliyan 1 na shekara 30, biyan wata ya tashi daga kusan 4,216 zuwa 6,653. Mutane da yawa da suka sayi ƙarami da niyyar ƙara gaba sai suka maƙale a ciki, ga yara sun girma. Saboda haka ko ƙaramin za ku saya, ya zama wanda in kun maƙale a ciki shekara goma sha biyar za ku iya rayuwa. Kuma ka tambaya ko ruwan bashin tsayayye ne ko mai hawa da sauka. Tsayayye yana yi wa mai dogon zama aiki, don hauhawar farashi tana ɗaga albashi biyan kuma yana nan yadda yake. Mai hawa da sauka ba ya ba ka wannan, ka gwada ko za ka iya biya in ya ƙaru da kashi 3 kafin ka sa hannu.

Injiniya Ɗanlami:

Baban Ummi, ba sai an haƙura da benen ba, in ƙasan zai iya zama cikakken gida shi kaɗai. Ka je da tef ka auna abu uku.

Ƙaramin falon, in ya kai mita 3.5 a 4, yana da taga, kuma ana iya sa masa ƙofa ba tare da an toshe hanyar kicin ba, ɗakin kwananku na gaba ke nan. Banɗakin baƙin, ka ga ko zai faɗaɗa ya kai kamar mita 2 a 2.5, wato wane bango ne a gefensa, na raba ɗaki ne ko mai ɗauke da dakin, kuma bututun masai ta ina ya bi. In bangon mai ɗaukar nauyi ne, ana iya buɗe shi amma sai da bim da lissafin injiniya, ba aikin birkila shi kaɗai ba ne. In za ku taɓa tayil kafin ku tare, a lokacin za a sauke daɓen wurin wanka a ja bututun ruwan zafi, ko da ba za a haɗa shi yanzu ba.

Na uku matakalar. Tsayin kowane taki santimita 15 zuwa 17, faɗinsa 28 zuwa 30, ta yadda tsayi biyu da faɗi ɗaya za su ba ka kusan 63. Ka auna kowane taki ɗaya bayan ɗaya, musamman na farko da na ƙarshe, domin nan ne ake samun bambanci in an ɗora tayil daga baya, kuma bambancin santimita ɗaya ya isa ya kayar da mutum, ƙafa ta riga ta saba da na baya. Ƙarfen kamawa a gefe biyu, a tsayin 90, ya ɗan zarce takin ƙarshe. In matakalar miƙaƙƙiya ce mai faɗin 90 ko fiye, kujerar lantarki mai hawa bene za ta zauna a kanta nan gaba, in mai lanƙwasa ce sai an ƙera mata dogo na musamman, kuɗin kuma ya ninka.

In ƙasan ya ci wannan gwajin, ka duba ko ana iya fitar wa saman da ƙofarsa ta waje da mitar wutarsa daban. Ranar da yara suka tashi, sai ku sauko, saman ya zama na ɗan haya ko na wanda zai kula da ku. In kuwa falon bai kai ba kuma banɗakin ba ya faɗaɗuwa, ku nemi wani. Turo min ma'aunin da hoton ƙasan barandar in duba.